Wai da gaske damuwar mai ciki tana taɓa abin da ke cikinta?

Ummu Khalil (Mabera): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin abin su taimaka min. Ƙanwata na da ciki wata shida, cikinta na biyu. Tun da aka fara maganar mijinta zai ƙara aure ba ta barci, abinci sai an matsa mata, in kin kira ta a waya sai ki ji muryar wadda ta sha kuka. Da ta je awo nas ta ce jininta ya ɗan hau, ta kuma ce ta rage tunani don damuwa na taɓa jariri. A gida kuma an rabu biyu. Innarmu ta ce zancen asibiti ne kawai, su ma cikin kishiyoyi da surukai suka haife mu, ga mu nan lafiya lau. Ni dai hankalina bai kwanta ba. In gaskiya ne, ta wace hanya abin da ke zuciyar uwa zai kai ga ɗan da bai zo duniya ba?

Maman Sadiq: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sauke ta lafiya. Wallahi gaskiya ne. Cikina na uku na yi shi cikin tashin hankalin bashi da sammacin kotu, bakwaini na haifa, sai da aka sa shi a kwalba. Sauran yarana duk sai da suka cika watanninsu.

Abu Fatima: Ku yi haƙuri, ni ina bayan Inna. Matan ƙauye su yi daka, su yi surfe, su ɗebo ruwa daga rijiya, ga talauci ga kishiyoyi uku, amma su haifo yara jajir masu ƙwari. Matan birni ne komai ya zama ciwo. Allah ke rayawa.

Sista Hauwa'u: Malam Abu Fatima, Allah ke rayawa, babu mai ja da wannan. Amma ni aikina karɓar haihuwa, kuma matan ƙauyen da kake magana su ne aka fi kawo mana da jariri ɗan mitsitsi ko wanda ya zo babu rai. Waɗanda suka rayu kake gani a kan hanya, waɗanda aka binne ranar da aka haife su ba ka gan su ba.

Ummu Khalil, ga yadda abin yake. Idan mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa tana aika saƙo ga wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda, su saki sinadarai cikin jini. Babba a cikinsu shi ake kira kotizol. Su ne ke sa gaba ya dinga faɗuwa, zuciya ta yi ta bugawa, suga ya ƙaru a jini, barci ya ƙaurace. Amfaninsu na ɗan lokaci ne, don mutum ya tsere wa haɗari.

To jinin uwa da na ɗa ba sa gauraya kai tsaye, mabiyiya ce a tsakani. Cikin ikon Allah akwai wani sinadari a jikin mabiyiyar da ke kashe kaifin mafi yawan kotizol ɗin uwa kafin ya ƙetara. Kamar rariya take, tana tacewa. Shi ya sa faɗan yini ɗaya, ko firgitar da kika yi don yaro ya faɗo daga gado, ba abin tada hankali ba ne. Wadda muke tsoro ita ce damuwar da ta zauna daram, yau da gobe da jibi, wata da watanni. Bincike ya nuna irin wannan na iya raunana tacewar, abin da ke isa ga ɗan ya fi ƙima, a daidai lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Kuma ana danganta ta da haihuwa kafin sati 37, da jaririn da bai kai kilo 2.5 ba.

Akwai hanya ta biyu da mutane ba sa lura da ita, kuma a wurinmu ita ta fi yawa. Mace mai baƙin ciki ba ta cin abinci. Tana manta maganin ƙarin jini. Ranar awo ta zo ta ce ba ta iya fita. Fansidar da ake ba masu ciki don rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta wuce ta. Ko ba a yi maganar kotizol ba, ɗan ya riga ya cutu.

Zee Arkilla: Sista Allah Ya saka da alheri. Ban taɓa jin an yi bayanin nan da Hausa haka ba.

Ɗan Runji: Ni abin da na ɗauka a nan, ana so a ce kada namiji ya ƙara aure ne? Abin da Allah Ya halatta?

Maman Sadiq: Wa ya ce haka? Amma wata uku ya rage ta haihu. In ya jira ta sauka, ta gama jego, auren zai gudu ne?

Ɗan Runji: Ai ba a san halin da shi ma yake ciki ba. Kun ji ɓangare ɗaya.

Admin Hajiya Balki: Don Allah kada a mayar da zancen na kishiya. Mun sha yin wannan a zauren nan, kullum da zage-zage ake ƙarewa. Tambayar a kan lafiyar ciki take.

Ɗalibin Likitanci: Bari in ƙara kan abin da Sista ta faɗa, don masu son hujja. A birnin Biristol na Ingila an ɗauki mata masu ciki kusan 14,000 tsakanin 1991 da 1992, aka yi ta bibiyar su da 'ya'yansu shekara da shekaru. An gano matan da fargabarsu ta fi yawa a ƙarshen ciki, yaransu sun fi na sauran yiwuwar samun matsalar ɗabi'a, kamar rashin natsuwa da yawan tsoro, kusan ninki biyu, lokacin da suka kai shekara 4.

Na biyu, a Janairun 1998 ƙanƙara ta rufe yankin Kebek na Kanada, ta kakkarya turakun lantarki, mutane suka zauna cikin tsananin sanyi babu wuta, wasu har makonni. Wata malama a Jami'ar McGill, Suzanne King, ta bi matan da abin ya same su da ciki. Da yaran suka kai shekara 2, waɗanda iyayensu suka fi shan wuya sun kasa sauran a yawan kalmomin da suka iya.

Sai na Holan, lokacin yunwar da aka yi a sanyin 1944 zuwa 1945, ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Waɗanda suke ciki a lokacin, da suka manyanta an fi samun ciwon suga da ciwon zuciya a cikinsu.

Likitar Yara: Ƙanena, ka yi ƙoƙari, amma a gyara abu biyu. Na Holan yunwa ce, ba tunani ba. Yana nuna cewa abin da ya samu uwa yana bin ɗa har girma, amma kada a haɗa shi da damuwar zuciya kamar abu ɗaya ne.

Na biyu ya fi muhimmanci, domin akwai masu ciki da ke karanta mu yanzu. Ninki biyu ba ya nufin kowane yaro. A binciken Biristol ɗin ma, mafi yawan yaran da iyayensu suka sha fargaba lafiyarsu ƙalau suka tashi. Haɗari ne ya ƙaru, ba hukunci aka yanke ba. Kuma masana har yanzu suna rarrabe nawa ne daga zaman ciki, nawa ne gado, nawa ne daga gidan da yaron ya tashi, tunda abin da ya dami uwa tana da ciki galibi yana nan bayan ta haihu. Ina faɗin haka ne don na sha ganin mace ta zo da yaro mai jinkirin magana tana kuka tana cewa ita ta jawo masa. Wannan nauyin bai kamata a ɗora mata ba.

Shi ya sa ma kalmar "ki rage tunani" ba ta gamsar da ni in an tsaya a kanta. Wa ke tunani da gangan? Ka ce wa mace damuwarki za ta cutar da ɗanki, ka sallame ta ta koma gidan da damuwar take, ka ƙara mata ta biyu ke nan. Maganar mijin ya kamata a yi wa, da uwar mijin, da duk wanda ke da hannu a zaman gidan.

Ummu Khalil (Mabera): Likita kamar kina gidanmu. Tun da nas ta faɗa mata haka sai kukan ya ƙaru, wai tana tsoron ta nakasa ɗanta.

Gwaggon Yara: Ɗiyata ta karanta min zancenku, nic ce ta rubuta min nawa. Mu lokacin da munka tashi, macce in ta yi cikin hwari, wata bakwai za a zo a ɗauke ta a kai ta gidansu goyon ciki. Ba ta daka, ba ta ɗibar ruwa, uwatta na kusa da ita. Kuma ko mutuwa anka yi, ba a hwaɗa ma mai ciki kai tsaye, sai an zaunar da ita an lallaɓa. Tsohwahhinmu ba su san sunan maganin ga da kuka hwaɗi ba, amma sun san ba a tada ma mai ciki hankali. Ke Ummu, ki ce ma Innarku ta tuna. Ita ma an yi mata. Ku je ku roƙi mijin ya bari ta taho gida ta huta, ba sai cikin hwari ba.

Zee Arkilla: Gwaggo Allah Ya ƙara girma. Amma goyon cikin ma wani lokaci da nasa. Kunyar ɗan fari ta sa wata ba ta iya cewa uwarta ga inda ke mata ciwo, naƙuda ta kama ta ta yi shiru har abu ya ɓaci. Ga kunun kanwa da ruwan zafin jego da ke tada hawan jini.

Sista Hauwa'u: Zee gaskiyarki, kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma tana wahalar da zuciyar mai jego. A riƙe hutun da kulawar, a bar kanwar.

Ummu Khalil, akwai abin da nake so ki riƙe da kyau. Kin ce jininta ya hau. Kada a ce tunani ne kawai a zauna. Akwai hawan jini na masu ciki da ke farawa bayan sati 20, tushensa daga mabiyiya yake, kuma shi ke kai mace ga jijjiga. In awo ya kai 140 bisa 90, sai an bibiye ta, a gwada fitsari. In ta ji ciwon kai mai tsanani, ko tana gani dishi-dishi, ko fuska da hannuwa sun kumbura, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari ta dama, ko motsin ɗan ya ragu, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. Kuma kada wanda ya sayo mata maganin barci a kemis.

Bawan Allah: Ni ban saba magana a nan ba. Daga yankin Sabon Birni muka taso saboda 'yan bindiga, iyalina na da ciki wata biyar. A daji muka kwana, da ƙafa muka yi tafiyar da ta fi yawa. Yanzu muna zaune gefen gari wurin wani ɗan uwa. Har ta haihu, in ta ji ƙarar babur da dare sai ta zabura ta rarumi yara ta nufi ƙofa. Yaron ya zo ƙarami ƙwarai, tafin hannuna biyu sun ɗauke shi. Ya rayu, yana rarrafe yanzu. Abin da nake son sani, wannan tsoron da uwar ta sha zai taɓa masa ƙwaƙwalwa ne har abada?

Maman Sadiq: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Likitar Yara: Bawan Allah, sannu, Allah Ya mayar muku da alheri. Ba har abada ba ne. Ƙwaƙwalwar yaro ba ta gama ginuwa a ciki ba, mafi yawan girmanta a shekarun farko take yi, kuma abin da ya samu a hannunku yanzu yana da ƙarfi sosai. Nono, rigakafi a kan lokaci, ɗauka in ya yi kuka, yi masa magana da wasa ko da kana ganin bai gane ba. Akwai binciken da ya nuna yaran da suka samu uwa mai kula da su da sakin fuska, tasirin damuwar cikin yana raguwa ko ya ɓace. Rarrafen da yake yi alama ce mai kyau. Ku riƙa kai shi awon nauyi.

Wadda na fi ji a labarinka ita ce uwar. Wannan zaburar ciwo ce da ake samu bayan mutum ya ga tashin hankali, kuma ana maganinta. Har yanzu tana yi?

Bawan Allah: Ta ragu, amma ba ta daina ba. Wani lokaci ta zauna shiru ba ta jin ana kiranta. An yi mata ruƙiyya.

Likitar Yara: A ci gaba da addu'a, a kuma kai ta ta ga likita. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware.

Ɗan Runji: Kware kuma? Ai sai a ce matarsa ta haukace.

Sista Hauwa'u: Wannan tsoron bakin mutane shi ke kashe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a duniya kusan mace 10 cikin 100 masu ciki na fama da irin wannan lalura, galibi ciwon damuwa. A ƙasashe masu tasowa ya kai 15.6 cikin 100 lokacin ciki, 19.8 bayan haihuwa. Wato a layin awo mai mata ashirin, kusan uku. Duk mahaukata ne? Matan da kuke gaisawa da su ne a gidan suna.

Kuma ba kowa ke buƙatar ƙwaya ba. A Pakistan, yankin Rawalpindi, an koya wa ma'aikatan lafiya mata na unguwa su riƙa shiga gida suna zama da mai ciki, su saurare ta, su taimaka mata ta warware tunaninta, su jawo dangi ciki. Ya yi aiki har Hukumar ta mayar da shi tsarin da take ba ƙasashe a 2015. Mutane ne masu zama irin namu, da surukai da kulle da komai.

Malam Na Kanwuri: Bismillah. Ga mai ganin kamar kula da zuciyar mai ciki baƙon abu ne, ya koma Suratu Maryam. Lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, har ta yi fatan da ta mutu kafin wannan rana, abin da aka fara kiranta da shi shi ne kada ta yi baƙin ciki. Sannan aka ce ta ci, ta sha, hankalinta ya kwanta. A Suratu Luƙman an ce uwa na ɗaukar ciki cikin rauni a kan rauni. A Suratuɗ Ɗalaƙ, ko wadda aka saka, in tana da ciki, an wajabta ciyar da ita har ta haihu. To ina ga wadda ke ɗakinka? Halaccin abu bai ɗauke wa mutum tambayar yadda ya yi shi da lokacin da ya yi shi ba. Malam Abu Fatima, tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

Abu Fatima: Na ji Malam, kuma na karɓi maganar ci da sha da zuwa awo. Amma har yanzu ina ganin Turawan nan da rashin wutar makonni ya dama, ba a auna su da mu. Mu da muka saba.

Injiniya Bello: Sabo ba ya hana jiki wahala. Ka tuna watan Afrilu a garin nan, zafi ya haura 40, ɗakin kwano, babu wuta, mace da cikin wata takwas tana juyi a tabarma har asuba. Matata a tsakar gida take kwana, ina jiƙa mata zane. Na karanta cewa tsananin zafi shi kansa yana ƙara haihuwar bakwaini. Likita haka ne?

Likitar Yara: Haka ne, an ga hakan a ƙasashe da dama. Ta yawaita shan ruwa, a ɗauke mata girkin rana a bakin murhu.

Maman Ilham: Ni tawa damuwar ba miji ba ce, shi yana iya ƙoƙarinsa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin Keke zuwa awo ma sai an yi lissafi. An ce a je sau takwas, ni in na samu huɗu na gode Allah. Dare ya yi in kwanta ina lissafin kayan haihuwa da ragon suna. Wannan wa za a je a roƙa?

Sista Hauwa'u: Maman Ilham, takwas ɗin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ce tun 2016, amma huɗun da kike yi kada ki raina su. Ki nemi ƙaramin asibitin da ya fi kusa da ke wanda za ki iya takawa, ba sai babba ba, in dai ba a ce cikinki na da matsala ba. Kuma ki faɗa wa maigidan lissafin da ke hana ki barci. Sau da yawa shi ma nasa yake yi a gefe, kowa ya yi shiru don kada ya tada wa ɗaya hankali.

Ummu Khalil (Mabera): Na gode ƙwarai jama'a. Na karanta wa Inna maganar Gwaggo da ta Malam. Ba ta ce ta yarda da zancen sinadari ba, amma ta ce gobe za ta aika Kawu ya samu mijin a kan ta dawo gida har ta haihu. Ni kuma zan raka ta a sake gwada jinin.

Ɗan Runji: In ya ƙi fa? Haƙƙinsa ne matarsa ta zauna ɗakinta.

Zee Arkilla: Kuma ko ta dawo gida, zuciyarta na can. Tana jin ana shiga da kayan amarya, ina hutun yake? Ni ina ganin gara a zaunar da shi a ɗaga bikin.

Maman Sadiq: Sista, wai ana barin maza su shiga wurin awo? Don na ga kamar in daga bakinku ya ji zai fi ɗauka da a ce mu muka faɗa.

Sista Hauwa'u: Layin mata ba ya shiga, amma in ta ce ga mijina a waje, muna kiransa ofis mu yi magana da su tare. Kaɗan ne ke zuwa. Ummu Khalil, in Kawu zai je, ya roƙe shi wannan ma, ya zo da ita da kansa ranar gwajin.